Ragar Ƙarfen Injiniya Na-Gani-A-Waya

Allah ya yi wa unguwarmu gata da ya ba mu Injiniya Na-Gani-A-Waya. Wata uku ya yi yana gadin sito a wani kamfanin gine-gine, ya fito da farin kwalkwali, da tef ɗin awo a ƙugu, da ilimin da jami'a ba ta kai gare shi ba tukuna. Ko aski ya je, sai an roƙe shi yake cire kwalkwalin.

Surukarsa ce ta gaji da jan guga, baya ya ƙi. Ta sayi tankin ruwa, za a ɗora shi kan dogayen ƙafafun ƙarfe. Saura zuba kankaren tushe. Wa zai tsaya a kan aikin in ba Injiniya ba?

Ya iso da ragar ƙarfe ta walda, sabuwa fil, ya sa aka zaga da ita layi sau biyu kafin a shigo gida. Wai direba ne ya ɓata hanya.

Tsohon birkilan da aka ɗauko ya jera 'yan duwatsu a ramin tushen, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa-ƙasa ake sa ta, a ɗaga ta kamar yatsa huɗu, kankare ya haɗiye ta. In nauyi ya danno, ta ƙasa tushe ke tsagewa."

Injiniya ya yi dariyar manya. "Baba, wannan ilimin kakanni ne. Raga irin wannan, kowane ido murabba'i, kowace mahaɗa walda, sai a binne ta kamar gawa? To wa zai san an sa? A cika ramin, a shimfiɗa ta a sama. Inganci ba ya ɓuya!"

Birkila ya kwashe duwatsunsa. Mai doki ya ce dokinsa ya mutu, kai ka ce ciyawa nawa?

Mako guda Injiniya na kawo baƙi kallon tushe. Yana nuna ragar da tsinin takalmi, yana cewa ko giwa aka ɗora, sai dai giwar ta gaji.

Ba giwa aka ɗora ba, ruwa ne. Tanki ya cika, tushe ya ce ƙas, ƙafa ɗaya ta durƙusa. Tankin ya yi sujada a tsakar gida, ya dare biyu.

Injiniya ya tsaya cikin ruwa har idon sawu, ya gyara murya. "A kimiyyance, ƙasar gidan nan ce ba ta waye ba. Amma ku dubi ragar! Ko lanƙwasa ba ta yi ba."

Gaskiyarsa. Wanda bai yi aiki ba ai ba ya gajiya.

Suruka ba ta dube shi ba. Ta ɗauki guganta, ta juya wajen 'yarta.

"Ki ce wa mijinki an gode. A ɓamɓaro min ragar, in kewaye kaji."