Birkin Hedimasta da Man Shanun Gara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai gara Garki, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, na duƙufa kan tsohuwar a-kori-kurata mai jan ƙafa huɗu. Na cire aksul, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, na gaba da na baya, na sa na babbar mota waɗanda ba sa tsoron yashi, sannan na canja birki gaba ɗaya. Kowane noti da hannuna na ɗaure shi, domin 'yan mishan da suka koyar da mu ba su san kalmar "ya isa haka" ba. (Matata ta ce ko haihuwar 'ya'yanmu ban ba ta irin wannan kulawa ba.)

Sai maƙwabcina a unguwar Takur ta Dutse, Alaramma mai makarantar allo, ya aurar da 'yarsa a wani ƙauye bayan Garki, inda yashi ke haɗiye ƙananan motoci. Na ɗauki alkawarin kai gara ba tare da ko alkaki ɗaya ya karye ba, domin mutuncinsa a idon surukai yana cikin waɗannan kwanuka. Ya zauna kusa da ni cikin farar riga, gwaggon amarya kuma da mata biyu suna baya, rungume da kaya. Tun daga Dutse nake yi masa lacca kan birki, yana ta cewa madalla.

Motar ta keta yashin nan kamar kwalta. Muka iso ƙofar gidan ango, dattawa sun yi layi suna jira. Nan ƙafata ta ci amanata. Tsohon birkin da na cire ba ya kamawa sai an taka shi har ƙasa da ƙarfi, kuma haka na yi shekara da shekaru ina yi. Haka na yi wa sabon birkin a ranar, alhali ɗan taɓawa ya ishe shi.

Motar ta tsaya cak. Kayan ba su tsaya ba. Dubulan ya watsu a kan bonet, ƙwaryar man shanu kuwa, wanda rana ta narkar, ta faɗo ta tagar baya ta kife a kan rawanin Alaramma. Ya sauka yana ɗiga, ya gaisa da surukansa ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman inda zai goge hannu.

Gwaggo ta dafa ƙugu ta ce, "Baba Hedimasta, dama da mu ka yi gwajin?"

Alaramma ya gaya wa dattawan cewa ya ɗanɗana man da kansa, mai kyau ne. Aka yi dariya, aka karɓi abin da ya tsira. Ni kuwa, wanda ya bulale yara saboda ɗigon tawada, na durƙusa ina tsintar dubulan a yashi.

Abin da na koya shi ne, idan ka sabunta mota, ka duba direban. Ƙafar tsoho ba a sayar da sabuwarta a kasuwa.