Jakada da Jarka Biyu

Jama'a, yau da safe na zama jakada, kafin hantsi kuma na sauke kaina. Bari in ba ku labari tun kunyar ba ta sake ni ba.

A layinmu na Anguwan Rogo muna da wani maƙwabci, Allah ya ƙara masa girma. Ba zan faɗi sunansa ba, don ina son in ci gaba da wanka. Gidansa kaɗai ke da rijiyar burtsatse. Famfon da Masu Girma Iyayen Alkawari suka ƙaddamar mana gab da zaɓe, da kiɗa da masu hoto, yana nan yana aiki: in ka murɗa shi zai yi tari sau biyu ya ba ka iska mai sanyi. Saboda haka duk layin a famfon maƙwabcin nan, da muke kira Oga, muke ɗiba.

Makon jiya Oga ya aiko cewa lungun da ke tsakaninmu ya yi masa, zai sa ƙofar ƙarfe ya riƙa ajiye motoci. Bai ce zai rufe ruwa ba. Cewa ya yi injin ruwan kan gaji idan ransa ya ɓaci. To a bakin lungun nan Magadaliya ke suyar ƙosai da dankali, da kaskon take ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. In aka sa ƙofa, kasko ya rasa mazauni.

Mun kai kuka wurin Mai Girma Wakilinmu. Ya kafa kwamiti, kwamiti ya zauna a falon Oga, ya ci kaji, ya gano cewa lungun bai kai faɗin da za a yi rigima a kansa ba. Madalla da aiki!

Jiya da yamma muka taru a teburin mai shayi, sai ga rediyo na labarin wata babbar ƙasa da ta matsa wa ƙananan maƙwabtanta lamba. Nan fa kowa ya zama masani. Datti tela ya buga tebur: "Su haɗa kai su ƙaurace mata! Mu ma daga gobe kada wanda ya ƙara taɓa ruwan mutumin nan."

Anayo mai kanti ya ce, "Oga Datti, kai yana da rijiya? Ni matana zai kore ni. A lallaɓa shi kawai."

Magadaliya ta leƙo ta ce, "Ni dai ku faɗa mini inda zan kai kaskona." Aka ce ta yi haƙuri, maganar ƙasashe ake yi.

A ƙarshe aka yanke a yi Allah wadai da kakkausar murya, ni kuma in kai saƙon, tunda ni ke da babbar riga mai guga.

Da safe ina fita, uwargida Salma ta ce, "Malam, tunda can za ka, riƙe jarkokin nan biyu." Duk mai aure ya san wannan ba shawara ba ce. Haka na isa, riga tana walƙiya, jarka dama da hagu. Wa zan gani a farkon layin ruwa? Datti, ya ja hular sanyi har hanci.

Oga ya fito. Na gyara murya: "Ranka ya daɗe, al'umma ce ta aiko ni da kakkausar..." Ya kalli hannuwana, ya ce da maigadi, "A cika wa Malam, kada ya bi layi." Ruwa na shiga jarka, murya na fita daga jikina.

"Me al'ummar ta ce?"

"Ta ce a gaishe ka."

Na dawo ina nishi, na tarar mai walda ya zo awon ƙofa. Magadaliya kuwa ta jawo murhunta tsakiyar lungu, mai na tafasa, matan layi sun zauna sun kewaye ta, har da matar Anayo da Salma tawa.

Magadaliya ta ce, "Malam, me ya ce?"

Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina. Ta dubi jarkokin ta ce, "Ba komai. Ajiye ɗaya ka zauna, akwai wuri."

Na zauna. Mai walda ya jira, ya gaji, ya sayi ƙosai, ya naɗe abin awonsa ya tafi. Gobe ma muna nan, ko injin ya gaji ko bai gaji ba.

Ƙananan ƙasashe, ga shawara kyauta daga kan jarka: in za ku tura jakada, ku fara duba hannunsa.