Tumakin Turai

A zamanin ƙaramar waya mai maɓalli, kaf Kebbe babu wanda ya kai ni iya wasan maciji na cikin waya. Shi ya sa da ƙanwata Hadiza ta sa min wasan noma da kiwo a sabuwar wayata, ta ce, "Yaya, bari in gwada maka," sai na fizge abata. Ni da na tashi a cikin garke, ita ce za ta koya min kiwo?

Ashe wasan yanzu wuraren dannawa sun fi gashin kai yawa, rubutun ƙanana, da Turanci, ga tabarauna ya karye. Na yi ta dangwale-dangwale har na mallaki wasu dabbobi ɓul-ɓul, jajaye, marasa gashi. Na ce lallai tumakin Turai ne. Kullum sai na ba su abinci kafin in karya.

Wata Juma'a bayan la'asar na kai su majalisa, na miƙa wa Liman wayar da hannu biyu.

"Allah gafarta Malam, duba garkena. Ko kasuwar Tambuwal ba ka samun irin wagga ƙiba."

Liman ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye wayar a kan tabarma a hankali, ya goge hannunsa a jikin riga.

"Ka duba hancinsu kuwa? Waɗanga ai aladu na."

Alhaji Bello mai goro, sai da aka yi masa fifita saboda dariya.

A wurin na goge wasan. Amma har gobe, in na aika wa Liman naman layya, sai ya dawo da ɗan aiken da tambaya: na kasuwa ne, ko na garken?