Rasuwar Kundin Isa Mai Garaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsoron da ba zan ɓoye ba, ni Hashimu tela na unguwar Hindawiyya, Makka, nake sanar da rasuwar kundina na faifan garmaho, ranar Talata da azahar, shekara ta 1373 bayan Hijira.

Marigayin faifai shida ne cikin bango ɗaya. Isa Mai Garaya, makaɗin ƙauye, shi ya tara abokan sana'arsa, kowane faifai da baƙonsa: mai kukuma, mai sarewa, makaɗan kalangu biyu da ba sa ga maciji da juna. Daga Kano marigayin ya taso cikin buhun gero, ya ratsa Sudan, ya haye teku bai fashe ba. Ya shekara tara a garin da aka hana kiɗa, bai taɓa ɗaga murya ba. Tsumma muke cusa wa garmahon a baki, garayar ta riƙa cewa "gurum, gurum" kamar mai raɗa.

Ajalinsa na cikin faifai na huɗu. Zabiyar da ke amshi a ciki matata ce, Rabi, tun tana budurwa. Yau ita ce Malama Rabi mai koya wa matan unguwa karatu, kuma ba wanda ya san ta taɓa waƙa. Ran da aka sani, bulala tawa ce, amma ita ba mai sake turo mata ko da mace ɗaya.

Ranar Litinin na yi sakaci da taga, na bar ta a buɗe faifan na juyawa. Maƙwabcina Wada, wanda kunnensa ya fi imaninsa kaifi, ya tare ni a ƙofar masallaci. "Ya shaihu," in ji shi, "wallahi muryar nan na san ta. Bari dai, za ta faɗo mini."

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Ni na hau da kundin soro, na shanya shi a ranar Makka. Kafin la'asar duk ya lanƙwashe. Na ɗora na huɗun sau ɗaya don in tabbata, sai na ji wani tsoho na gurnani a inda muryar Rabi take. Na yi kuka, ita ko ɗigo ba ta zubar ba.

Ya bar garmaho guda, gwauro, da allurai rabin gwangwani, da masoya waɗanda ba zan ambaci sunansu ba ko da wuƙa a wuya.

Za a binne shi gobe da hantsi a bayan dutse, hanyar Muzdalifa, rami uku dabam dabam. Ba rakiya, ba zaman makoki. Wanda ya taɓa jin sa, ya taimake mu ya manta.

Wada ya aiko cewa zai shigo yi wa Malama gaisuwa da bakinsa, ya ji muryarta da kunnensa, kuma ba shi kaɗai zai zo ba.