Ranar da Baba Haruna Ya Naɗe Hannun Riga

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da bakina ya jawo mini a Sabha. A wata gonar dabino nake aiki a Samnu, kusa da Sabha can ƙasar Larabawa, kuma da yake na yi shekara biyu ina karatun ilimin halittu kafin in baro Nijar (ban gama ba, amma wannan ban faɗa wa kowa ba), sai leburori 'yan'uwana suka laƙaba mini Likita. Ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu.

Wata rana muna shan shayi bayan azahar, sai na ɓalle da surutu. Na ce yanzu masana suna ɗibar ƙwayoyin halitta daga fatar tsoho, su mayar da su kamar na ɗan tayi, har su zama tsoka ko jijiya. Na jero sunayensu da Faransanci: totipotentes, pluripotentes, multipotentes. Kaina ya kumbura.

Ashe Baba Haruna mai ban ruwa ya riƙe maganar. Ciwon suga ya bar masa gyambo a babban yatsan ƙafa. Bayan mako uku ya ce in raka shi asibiti a Sabha in yi masa tafinta, kamar yadda duk ɗan boko yake yi wa na gida a nan.

Likitar ta duba ƙafar, ta ɗaure fuska, ta tambayi abin da ya hana shi zuwa da wuri. Baba ya naɗe hannun riga, damtsensa sai sheƙi yake.

"Ɗana, gaya mata nan nike gyarawa. Kullum ina shafa mai man zaitun, rana ma ban bari ta taɓa shi ba. Ta ɗiba, ta maida jaririya, a toshe min ramin."

Da bakina na fassara, cikin Larabcina na kasuwa. Ta ce wa ya gaya masa haka? Baba ya dafa kafaɗata cike da alfahari.

Ta juyo gare ni a natse, ta jero sunayen nan uku da kanta, ta ce in faɗa mata bambancinsu. Wallahi ko ɗaya ban iya ba (hadda ce kawai ta jarrabawa). Ta ce irin waɗanda nake nufi, galibi a ɗakunan bincike suke har yanzu. Yatsan kuma da an zo da wuri, da wataƙila ya tsira. Wannan ma ni na fassara. Na so ƙasa ta tsage in shige.

An cire yatsan. Da Baba ya zage ni da na ji sauƙi, amma cewa ya yi, "Ba komai, ɗana, Allah shi ƙara ilimi."

Tun daga nan na koyi riƙe bakina. Kalmar da ka haddace don jarrabawa, kada ka zuba ta gaban mai ciwo, domin malami maki yake ba ka, shi kuwa ƙafarsa zai miƙa maka.