Yadda Autata Ta Ɗura Mini Miyar Kuɓewa

Kowa a gidanmu ya san na tsani miyar kuɓewa. Amma a gem ɗin ƙwallo, tun zamanin dokar hana fita ta korona nake ganin babu kamata a Jimeta.

Wata Asabar da aka yi miyar a gida, autata Dija ta ce, "Baba, mu buga. Wanda aka ci ya shanye kwanon kuɓewa."

Na yarda, har da wayo: na miƙa mata rimot ɗin da maɓallinsa ke maƙalewa. Na manta shi yayyenta ke bar mata kullum. Ta san shi kamar yunwar cikinta.

Ta yi mini ruwan ƙwallaye. Ina haɗiyar yauƙi ina ƙwalla, uwarta ta ce, "Zakaran Jimeta, a ƙaro?"

Har yau, in aka yi kuɓewa, rimot ɗin nan ake ajiye mini kusa da kwano.