Ranar da Na Tada Agogunan Baba Ilu

Ba zan taɓa mantawa ba da ƙyallin da na fara hangowa a zauren su Hindatu a Zango: agogunan aljihu masu sarƙa, jere a kan farin ƙyalle cikin wani kwando. Farkon Shari'a ne, zance ya koma na rana, a cikin zaure, inda kowa zai gan ku.

Na fi wata shida ina neman Hindatu. Ubanta, Baba Ilu, tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Kano da Nguru. Ranar ce ya ce in zo ya gan ni. Amsarsa kawai nake jira.

Aka bar ni ni kaɗai. Na duba agogunan, duk a tsaye, kowanne da nasa lokacin. Tausayi ya kama ni. (A littattafan da nake haya a kasuwa, saurayi yakan yi wata bajinta, uban yarinya ya share hawaye ya ce na ba ka.) Sai na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, na murza kansu, na daidaita su da agogon roba da ke hannuna. Zaure ya cika da ƙas-ƙas. Har murmushi nake.

Baba Ilu ya yi sallama ya tsaya cak.

"Ɗan nan, wa ya taɓa su?"

"Ni ne, Baba. Na ga sun mutu."

"To, ai masu su ma sun mutu."

Ya zauna a hankali. Ashe duk abokin aikinsa da ya rasu, iyalansa kan kawo masa agogon, ya bar shi ya yi ta tafiya har ya tsaya da kansa, daga nan ba mai sake taɓa shi. Ya ɗauki wani mai tsagaggen gilashi.

"Wannan na ƙanena ne, Sani. Taragon jirgin ƙasa ya matse shi. Kullum ina duba inda ya tsaya, amma yanzu ka tambaye ni, wallahi ba zan iya faɗa ba."

Na ce zan mayar. Ya ce, "Ka mayar ina?"

Hindatu ta leƙo da kwanon fura, ta ji ƙarar, ta juya da kwanonta. Ban san yadda na sa takalmi ba. Ba a kore ni ba, ba a kuma sake kirana ba. Tun daga nan, ko tsintsiya na gani a yashe a gidan mutane, sai in gaishe ta in wuce.

Bayan shekaru na haɗu da yayan Hindatu a tashar Daura. Ya ce Baba Ilu ya makance, amma kowace safiya sai ya laluba kwandon ya murza su duka. Wai tunda an tashe su, ba zai iya zama ya ji sun sake yin shiru ba.